Daga "a bincika" zuwa "ba a yi a gidan nan": yadda maganar allurar polio ta canja a bakunanmu

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da nake son mu tattauna, kuma ina roƙon a yi shi cikin natsuwa don na san wasu yana sosa musu rai. Maganar ƙin allurar polio ce ta 2003. Ban kawo ta don a tone tsohon ciwo ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda maganar ta riƙa sauya kama tana tafiya.

Waɗanda suka fara ta a sama, irin su Dakta Ibrahim Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a, zargi suka yi cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa, suka ce a dakata a gwada. Gwamnatin Kano ta dakatar, Zamfara da Kaduna ma suka taɓa. Har nan magana ce mai sharaɗi: in an gwada an ga lafiya, a ci gaba. Amma kafin ta iso zaure, "a gwada" ta faɗi a hanya. Abin da ya rage shi ne "an gano". Kafin ta shiga cikin gida wajen mata ta zama "duk yarinyar da aka ɗiga wa ba za ta haihu ba". A watan Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ce an gamsu, aka kawo magani daga Indonesiya, aka ci gaba. Gwamnatocin da suka dakatar sun janye, amma maganar ba ta janye ba, ta yi shekaru tana yawo.

Tambayata: me ke sa magana ta zubar da sharaɗinta a hanya? Kuma me ya sa mutumin da ta shiga kansa yake komawa wani mutum daban, har ya riƙa kallon ma'aikaciyar lafiya 'yar unguwarsu a matsayin abokiyar gaba?

Kabiru:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma ka fara labarin daga tsakiya. Ka koma 1996. Annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya zo Kano ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda ke cikin gwajin, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta fallasa abin. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, duk da bai amsa laifi ba. To wanda ya ga wannan da idonsa, shekara bakwai bayan nan a zo masa da wani magani kyauta daga waje, ka ce masa jahili don ya yi tsaki? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malam Sani:
Ban ce jahili ba, Kabiru, duba rubutuna. Kuma abin da ka kawo yana cikin tambayar. Trovan gwaji ne na maganin sanƙarau a asibiti guda. Ɗigon polio abu ne da aka shekara da shekaru ana bai wa yara a duniya baki ɗaya, har da ƙasashen Musulmi. Ta yaya biyun suka zama abu guda a kan mutane?

Nura:
Bari in sa baki ta ɓangaren da nake karanta. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gwada wannan. A 1932 wani malami a Jami'ar Kambirij, Frederic Bartlett, ya wallafa sakamakon wani gwaji. Ya ɗauki tatsuniyar wasu ƙabilun asali na Arewacin Amurka ya ba Baturen Ingila ya karanta, shi kuma ya rubuta wa na gaba daga ƙwaƙwalwa, na gaba ya rubuta wa na gaba. Labarin ya riƙa gajarcewa, amma ba wannan ne abin lura ba. Duk abin da baƙo ne ga mai ji, ko dai ya ɓace ko ya koma abin da ya saba da shi. Farautar dabbar teku ta koma kamun kifi. Abubuwan da suka shafi fatalwa, da ba su dace da tunanin Bature ba, suka narke. Kuma ba wanda ya ji a ransa cewa ya canja wani abu. Kowa ya ɗauka abin da ya karanta ya rubuta.

Daga baya, a 1947, Gordon Allport da Leo Postman a Amurka suka yi irin wannan da hotuna. Suka ga kusan kashi 70 cikin ɗari na bayanan suna zubewa kafin magana ta wuce baki biyar ko shida. Abin da ya tsira kuwa yana ƙara kaifi, kuma yana karkata zuwa abin da mai faɗa ya riga ya yi imani da shi.

To ku ɗora wannan a kan 2003. Mutum ya ji "ana zargin akwai sinadari, za a gwada". A cikin kansa akwai Trovan. Akwai manufar yawan jama'a ta 1988 zamanin Babangida, wadda ta ce mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Akwai Amurka da ta shiga Iraƙi a watan Maris na shekarar, ana jin ta a rediyo safe da yamma. "Za a gwada" ba ta da inda za ta maƙale a cikin waɗannan. "Suna son rage mu" tana da ƙugiya uku. Wadda ta samu wurin kamawa ita ce ta kwana.

Kabiru:
Yauwa. Ka ga kenan ba daga sama ta faɗo ba.

Nura:
Ba daga sama ta faɗo ba, Yaya Kabiru, amma hakan bai mai da ita gaskiya ba. Dalilin tsoron gaskiya ne, abin da aka gina a kansa kuskure ne, kuma yara ne suka biya. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yemen da Indonesiya a 2005.

Hajiya Binta:
Ni na yi aikin nan gida-gida, don haka bari in faɗa muku abin da ba a rubuta a takarda ba.

Da sassafe muke ɗaukar akwatin sanyi, mu uku, da alli na rubuta alama a bango da alƙalamin shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa. Ban taɓa jin wata uwa ta ambaci sunan wani sinadari ba. Abin da suke ce mana kusan guda ne: "Yarona ya kwana uku da zazzaɓi, na je asibiti an ce in sayo magani. Wannan da ba mu roƙa ba, shi ne kuke biyo mu da shi har ɗaka, kyauta, wata bayan wata? Me ke ciki?" Wallahi tambaya ce mai nauyi, kuma a farko ba a ba mu amsarta ba. An koya mana yadda za mu ce maganin lafiyarsa ƙalau. Ba a koya mana abin da za mu ce wa matar da ta binne ɗa saboda ƙyanda ba.

Akwai wani gida da ba na mantawa. Maigidan ya tsaya a ƙofar zaure ya ce ba a yi a gidansa. Muka rubuta a bango muka wuce. Muna kaiwa bayan layin sai ga uwargidan ta leƙo ta ƙofar baya, da goyo, ta yafito ni. Na ɗauka so take a ɗiga. Ashe so take in shafa wa yaron alama a yatsa kawai, ba tare da ɗigo ba, don masu zagayen duba aiki su daina dawowa su jawo mata faɗa da miji. Na ce mata ba zan iya ba. Ta yi shiru, can ta ce, "To ke kin ba naki?" Na ce na ba su duka. Ta ce, "A gabanki aka buɗe kwalbar?" Ku ji fa. Ba ni take tuhuma da ƙarya ba. Ta riga ta kai inda take ganin ni ma an yaudare ni, an ba 'ya'yan ma'aikata mai kyau an ware wa talaka wani. Wannan ƙarin ba Dakta Datti ne ya faɗe shi ba, ba kowa a sama ba. A cikin unguwa aka haife shi, don maganar ta samu hanyar tsallake hujjar da muke kawowa.

Malam Sani:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da nake nufi da cewa tana canja mutum. Ta kai matsayin da duk hujjar da aka kawo sai ta zama abincinta. An kawo kyauta, alamar tambaya. An dage, to me ya sa suka dage? Ma'aikaciya ta ba ɗanta, to nasu daban ne. Mutum bai ƙara wani sabon sani ba, amma ma'aunin da yake auna kowane labari da shi ya sauya.

Ustaz Auwal:
Assalamu alaikum. Abin da Nura ya kawo daga Turawa, malaman hadisi sun riga su ganinsa da ƙarnoni, kuma ba su tsaya a gani ba, sun gina masa ilimi. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Ibn Sirin ya ce da can ba a tambayar isnadi, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu, sai da fitina ta auku aka fara cewa ku ambata mana mazajenku, wato waɗanda kuka ji daga gare su. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Wurin da nake so ku lura shi ne, ba su wadatu da cewa mai ruwaya mutumin kirki ne ba. Sharaɗi biyu suka sa: adalci da kiyayewa. Mutum zai iya zama mai tsoron Allah, mai tsayuwar dare, amma a ajiye ruwayarsa saboda riƙonsa ba shi da ƙarfi. Har sun yi doguwar muhawara a kan ko ya halatta a ruwaito da ma'ana ba da lafazi ba, waɗanda suka halatta suka ce sai ga wanda ya san abin da ke canja ma'ana. Mu kuwa yau mun haɗe biyun. In wanda ya turo mana saƙo kawunmu ne mai salla a sahun farko, shi kenan an gama bincike. Alhali kawun bai yi ƙarya ba, abin da ya iso masa ya riga ya wuce hannu ashirin. A wannan gabatarwar dai akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Maman Khadija:
Ustaz ka tuna min da daren gishiri. Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas. Wajen ƙarfe uku na dare waya ta riƙa ƙara, yayata daga Kaduna, ƙanin mijina daga Jos, kowa na cewa a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin asuba. Wanda ya kira ni na farko wanka kawai ya ce. Na uku ya ce a sha. Kafin gari ya waye an jingina maganar ga wani babban basarake, wasu sun ce likitoci ne suka sanar, wasu sun ƙara addu'ar da za a tofa. A layinmu har tsofaffi masu hawan jini sun sha. An ba da rahoton mutuwar mutane, an kwantar da wasu a asibiti. Ebola kuwa gaba ɗaya mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, ba ko ɗaya a Arewa.

Abin da ya tsaya min shi ne duk wanda ya kira, ƙauna ce ta sa shi kira. Ba wanda ya tashi cikin dare don ya cuci wani.

Nura:
Wannan misalin ya ma fi na polio nuna abin a fili, Maman Khadija, don a dare ɗaya ya faru. Kowane mai turawa ya ƙara mata abin da zai sa a yarda: wa'adi kafin asuba, sunan babba, addu'a. Ba da niyyar ƙarya ba, so yake ɗan'uwansa ya ɗauki abin da muhimmanci. Sigar da ba ta da waɗannan ba a tura ta gaba, ta mutu a wayar farko.

Sannan akwai maimaici. Tun 1977 aka nuna a gwaji cewa jimlar da mutum ya taɓa ji, ya fi ɗaukarta gaskiya a karo na biyu, ko da ƙarya ce. Kira uku a dare ɗaya sai su zama kamar shaidu uku, alhali wataƙila duk daga saƙo guda suka samo. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka bi labarai a Twitter na fiye da shekara goma, suka ga labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma mutane ne ke yaɗa shi, ba na'ura ba. Don rage yaɗuwar jita-jita ne WhatsApp ya rage tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, a 2020 ya mai da wanda aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya.

Abdu Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan maganar polio ta iso mu ta hanyar da kaya ke isowa, ta Jibiya da Ɗan Isa, a bakin 'yan kasuwa da kaset na wa'azi. Amma da ta tsallako iyaka ta canja riga. Mu ba a yi Trovan a wajenmu ba, ba mu san Asibitin Zana ba. Waɗanda na ji suna faɗinta a nan sun fi jingina ta ga Faransa da ƙungiyoyin agaji na Turawa, don su ne muka sani. Ƙashin maganar guda, wanda ake zargi ya sauya. Shi ya sa ban cika yarda da Kabiru ba cewa Trovan ne tushen komai. Inda babu Trovan ta nemo wani ciwon ta zauna a kai.

Kabiru:
Na karɓi wannan, Abdu, amma ka lura ko a wajenku sai da ta samu ciwo. Ba ta kama a inda mutane suka yarda da hukuma. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne kullum talaka ake nazari, yadda kansa ke juya magana. Wa ke nazarin yadda maganar "mutanen nan jahilai ne" ta yaɗu a tsakanin jami'ai da 'yan jarida, ta canja musu kai su ma, har suka kasa jin tambayar da Hajiya ta ce iyaye mata na yi? Ita ma magana ce da ta zubar da sharaɗinta a hanya.

Malam Sani:
Wannan gaskiya ce Kabiru, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Wanda ya zo da tunanin cewa jahilci ne matsalar, abin da zai kawo shi ne ƙarin bayani da lasifika. In ba a karɓa ba sai ya ce ka gani, jahilcin ya yi yawa. Shi ma ya shiga irin zoben da matar ƙofar baya ta shiga.

Baba Lawan:
Ku yara kuna ta maganar yadda ta shiga. Ku tambayi yadda ta fita, tunda ta fita, ko da ba duka ba. Ni a unguwarmu ba takardar gwaji ce ta fitar da ita ba. An aika tawaga har Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya a 2004, aka dawo aka ce lafiya, mutane suka ce an saye su. Abin da na ga ya yi aiki shi ne ranar da mai unguwa ya fito da jikansa a gaban masallaci aka ɗiga masa kowa na kallo. Da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu daga 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sai ya zama hakimi ne ke tambayar dagaci, dagaci na tambayar mai unguwa gida nawa suka ƙi. Sannan waɗanda shan-inna ta nakasa suka riƙa zagayawa a kan kekunansu na hannu suna magana da iyaye. Mutum ya iya musu da likita, amma da wuya ya kalli wanda ke jan ƙafa ya ce masa cutar ƙirƙira ce.

Hajiya Binta:
Haka ne Baba. Ƙari a kan wannan, da aka fara kafa sansanin lafiya a unguwa, ana duba zazzaɓi ana ba da maganin tsutsar ciki da sabulu, sai tambayar "me ya sa wannan kaɗai" ta rage ƙarfi. Kuma aka ɗauki matan unguwa su ne masu wayar da kai, waɗanda ake haɗuwa da su a suna da biki. Amma kada mu manta da abin da aka biya. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan polio tara a Kano, yawancinsu mata. Bayan nan akwai abokan aikina da mazajensu suka ce sun bar aikin kenan, wasu kuma muka koma saka akwatin a cikin jakar cefane. Allah ya jiƙansu. Da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar polio ta daji a Agustan 2020, su na fara tunawa.

Ustaz Auwal:
Amin ya Allah. Amma Baba, akwai abin da bai kwanta min ba a nan. In mutum ya bar magana don mai unguwa ya bari, ba don ya gane inda ta karkace ba, to isnadi kawai ya canja, bai koyi bincike ba. Gobe wani da ya fi mai unguwa kusa da zuciyarsa ya zo da wata, zai bi.

Nura:
Kuma ta dawo ai. Da aka fara allurar HPV ta kariya daga kansar bakin mahaifa a Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, maganar hana haihuwa ce ta fara fitowa, kusan da lafazinta na 2003. Lokacin korona ma haka. Waɗanda ke turawa yanzu wasunsu ba a haife su ba lokacin Trovan, ba su ma san sunan ba. Sun gaji zargin ba tare da dalilinsa ba.

Maman Khadija:
Ni Khadijata an yi mata a makaranta, da izinina. Amma surukata ta ji, ta kira ta tambaye ni abu ɗaya: me ya sa mata kaɗai, kuma me ya sa sai waɗanda ba su yi aure ba? Na ce mata cutar a mahaifa take, kuma allurar ta fi aiki in an yi ta tun kafin a haɗu da ƙwayar. Ta ce to me ya sa ba wanda ya zo ya faɗa musu haka kafin a shiga makarantu. Hajiya, ku da kuke ciki, ana zama da kakanni kuwa kafin a fara? Don a gidaje da yawa su ne ke yanke hukunci, ba mu ba.

Hajiya Binta:
A wasu wuraren an zauna da malaman Islamiyya da shugabannin mata, a wasu kuwa takarda kawai aka ba yara su kai gida. Inda aka ba takarda, kafin uwa ta nemo wanda zai karanta mata, saƙon murya ya riga ya iso wayarta. Ki ba ni lambar surukar taki ta akwatin sirri in ta yarda, in kira ta mu yi magana. Ƙannen Khadija mata nawa ne suka kai shekara tara?